GYARA KO RUSHEWA: NAZARI A KAN MAKOMAR TSOFAFFIN GINE-GINE A JAMI'O'INMU

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi karatu a ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in ƙasar nan ya san irin ginin da rufinsa ke yoyo da damina, bangonsa ya tsage, har rodi ya leƙo daga cikin kankare. Idan hira ta biyo ta kan irin wannan gini, ra'ayi yakan rabu biyu. Wasu su ce a rushe shi a gina sabo mai hawa da yawa, tun da ɗalibai sun ƙaru. Wasu kuma su ce a gyara shi, domin tarihin makarantar yana jikinsa. Wannan maƙala za ta duba abin da ke sa gini ya zama na tarihi, da yadda yake lalacewa, da hujjojin kowane ɓangare. Daga nan za ta kawo misalan abin da ya faru a wasu makarantu, sannan ta nuna matakan da suka kamata a bi kafin a yanke hukunci.

2.0 Wane Gini Ake Kira na Tarihi?

Tsufa kaɗai ba ya mayar da gini na tarihi. Masana sukan duba abin da ya faru a cikin ginin, da mutanen da suka rayu ko suka yi aiki a ciki, da kuma fasahar da aka yi amfani da ita wajen gina shi.

Jami'ar Ibadan misali ce mai kyau. An buɗe ta a shekarar 1948 da ɗalibai 104, a wani tsohon asibitin soja da ke Eleyele, kafin ta koma mazauninta na yanzu. Wasu Turawan Ingila biyu, mata da miji, wato Maxwell Fry da Jane Drew, su suka zana manyan gine-ginenta na farko. Daga ciki akwai Zauren Trenchard, da babban ɗakin karatu wanda yanzu ake kira da sunan Kenneth Dike, da gidajen kwanan ɗalibai irin su Mellanby da Tedder. Akwai kuma gidan kwana na Sultan Bello, wanda aka raɗa wa sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A wannan makaranta Chinua Achebe da Wole Soyinka suka yi karatu.

Ban da tarihin mutane, akwai hikima a jikin gine-ginen kansu. An yi su dogaye marasa faɗi sosai, domin iska ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan. An yi musu baranda da bangon kankare mai huji-huji, wanda ke tare zafin rana amma yana barin iska da haske su wuce. Haka abin yake a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, wadda Arieh Sharon, mutumin Isra'ila da ya koyi zanen gine-gine a Jamus, ya tsara a shekarun 1960 da 1970. A can an yi wasu gine-gine ta yadda kowane hawa na sama ya fi na ƙasansa fitowa waje, sai ya zama yana yi masa inuwa. Wannan dabara ta sa ana iya zama a aji da tsakar rana ko da babu wutar lantarki. Ɗalibin da ya taɓa zama a sabon gini mai gilasai a ranar da janareta ya mutu zai gane darajar wannan.

3.0 Yadda Gini Ke Lalacewa

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babban abokin gabar gini shi ne ruwa. Yawancin gine-ginen jami'o'inmu na farko da kankare da rodi aka yi su, wasu kuma rufinsu ma na kankare ne shimfiɗaɗɗe. Idan ganye da ƙasa suka toshe indararo, ruwa yakan kwanta a kan rufi. Sannu a hankali ya ratsa kankaren ya kai ga rodin da ke ciki. Rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuwa tana kumbura fiye da ƙarfen da ta ci, sai ta tura kankaren ya fashe. Ta wannan fashewa ƙarin ruwa zai shiga, haka abin zai yi ta gudana har ginshiƙi ya rasa ƙarfinsa.

Bayan ruwa akwai tsofaffin wayoyin lantarki da aka ɗora wa nauyin da ba don shi aka sa su ba. Ɗakin da aka tsara don mutum biyu, yau mutum shida ko takwas ke ciki, kowa da abin dafa ruwansa da dutsen gugarsa. Bututun ruwa da magewayi su ma haka suke shan nauyi.

Abin lura a nan shi ne, yawancin wannan ɓarna daga ƙaramin abu take farawa, wanda kuɗi kaɗan za su magance. Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun daɗe da sanin haka. Ginin ƙasa yana iya kai shekaru aru-aru, da sharaɗin a riƙa yi masa yaɓe a gyara indararonsa kafin damina ta faɗi. Mai gidan da ya bar yaɓe shekara uku ko huɗu ya san abin da zai biyo baya. Mu ne muka ɗauka cewa tun da siminti ya zo, an gama da kula.

4.0 Hujjojin Masu Son a Rushe

Bai kamata a raina hujjojin wannan ɓangare ba. Ta farko ita ce tsaron rai. Ginin da ginshiƙansa suka mutu yana iya faɗowa a kan ɗalibai, kuma babu tarihin da ya kai ran mutum daraja. Ta biyu ita ce yawan jama'a. Makarantar da aka tsara don ɗalibai ɗaruruwa yau tana da dubbai, ga shi ƙaramin gini ya tare wuri a tsakiyar makaranta. Ta uku ita ce kuɗi. Wani gyaran yakan ci fiye da yadda aka zata, domin sai an buɗe bango ake ganin iyakar ɓarnar. Ta huɗu kuma, da yawa daga tsofaffin gine-gine ba a yi su da tunanin masu buƙata ta musamman ba: matakala ce kawai, babu hanyar keken guragu. Wasu kuma an yi musu rufi ko silin da asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu.

5.0 Hujjojin Masu Son a Gyara

Hujja ta farko ita ce abin da aka rushe ba ya dawowa. Ana iya gina mai kama da shi, amma ba shi ba ne. Ta biyu, tsohon gini littafi ne ga ɗaliban zanen gine-gine da na tarihi da na injiniya, suna iya taɓa shi da hannu su auna shi. Ta uku, akwai batun muhalli. Sarrafa siminti yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya. Idan aka rushe gini aka yi sabo, an zubar da simintin da aka riga aka kashe, an kuma ƙona wani. Ta huɗu, tsofaffin ɗalibai suna da shauƙin wuraren da suka zauna, kuma sau da yawa wannan shauƙin ne ke sa su buɗe aljihu su taimaka wa makarantarsu.

Game da matsalolin da ɗaya ɓangaren ya kawo kuwa, masu son gyara suna cewa yawancinsu suna da magani. Ana iya sauya wayoyi da bututu, a cire asbestos ta hannun ƙwararru, a ƙara hanyar keken guragu. Idan wuri ne ya yi kaɗan, jami'o'inmu na farko suna da filaye masu faɗi da za a yi sabon gini ba tare da an taɓa tsohon ba. Da ma Bahaushe ya ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

6.0 Darasi Daga Wasu Makarantu

Misali na farko daga ƙasar Indiya yake. Cibiyar Koyon Gudanarwa da ke birnin Ahmedabad tana da gine-ginen jan bulo waɗanda fitaccen mai zane Louis Kahn na Amurka ya tsara. Ruwa ya daɗe yana ratsa bulon yana cin ƙarfen ciki, girgizar ƙasa ta 2001 kuma ta ƙara musu rauni. An gyara ɗakin karatun cibiyar, har gyaran ya sami lambar yabo ta UNESCO a 2019. Amma a watan Disamba na 2020 hukumar makarantar ta ce za ta rushe 14 daga cikin gidajen kwanan ɗalibai 18. Tsofaffin ɗalibai da masana daga ƙasashe da dama suka yi ca, sai aka janye shawarar a Janairun 2021. A Nuwamban 2022 hukumar ta sake fitowa ta ce ta dakatar da aikin gyara, za ta sake gina wasu sassa, bisa dalilin tsaron rai. Darasin shi ne, idan ɓarna ta yi nisa, ko suna da ɗaukakar gini ba sa iya tabbatar da tsirarsa.

Misali na biyu shi ne Jami'ar Makerere ta ƙasar Yuganda. Babban gininta mai hasumiya, wanda aka kammala a 1941, ya kama da wuta a watan Satumba na 2020, kuma bincike ya danganta gobarar da matsalar lantarki. Takardu masu yawa sun ƙone. Injiniyoyi suka ga abin da ya rage ba zai ɗauki gyara ba, aka rushe shi, aka sake gina shi da kamanninsa na da, aka buɗe a watan Oktoba na 2024. Kuɗin sauya wayoyi bai kai ko kusa da kuɗin sake ginin ba.

Misali na uku a gida yake. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922, kuma a nan Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Makarantar ta tashi zuwa Kaduna, daga baya ta koma Zariya inda ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon ginin nata bai tafi a banza ba, domin an mayar da shi gidan adana kayan tarihi na ƙasa. Wannan hanya ce ta uku tsakanin gyara da rushewa, wato a sauya wa gini aiki. Haka nan a 2020 Gidauniyar Getty ta Amurka ta ba Jami'ar Obafemi Awolowo tallafi domin a tsara yadda za a adana gine-ginen da Sharon ya zana.

7.0 Me Doka Ta Ce?

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Abubuwan Tunawa ta Ƙasa ta haramta rushe ginin da aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa. Sai dai mafi yawan gine-ginen jami'o'i ba sa cikin wannan jeri. Ko waɗanda ke ciki ma ba su tsira gaba ɗaya ba. Gidan Ilojo Bar da ke tsibirin Legas, wanda aka gina a 1855 aka kuma ayyana shi a 1956, an wayi gari an rushe shi a watan Satumba na 2016. Ke nan jami'a ba za ta zauna jiran doka daga waje ba, dole ta yi wa kanta ƙa'ida.

8.0 Matakan da Suka Kamata a Bi

Na farko, kowace jami'a ta rubuta jerin gine-ginenta masu tarihi, da shekarar gininsu da halin da suke ciki. Sashen tarihi da na zanen gine-gine za su iya yin wannan aiki tare da ɗalibansu.

Na biyu, a ware kuɗin kula a kasafin kowace shekara, kuma a duba rufi da indararo kafin damina. Shugabanni sun fi son sabon gini da za a yanka masa kyalle a manna sunansu, domin ba a kiran 'yan jarida don an share magudanar ruwa. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana da hurumin gyaran gine-gine kamar yadda yake da na yin sababbi.

Na uku, kafin a ce a rushe, a kira injiniyan da ba shi da rabo a kwangilar sabon ginin ya bincika, a kuma bayyana rahotonsa ga malamai da ɗalibai da tsofaffin ɗalibai.

Na huɗu, idan za a gyara, a kiyaye siffar ginin. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta koyar da cewa a girmama kayan asali, abin da aka ƙara kuma ya zama ana iya bambanta shi da na da. Toshe bango mai huji-huji da bulo domin a sa na'urar sanyaya ɗaki kashe gini ne da sunan gyara.

Na biyar, idan rushewar ta zama dole, a ɗauki hotuna, a auna ginin, a adana zanensa a ɗakin karatu, a kuma ajiye abin da za a iya ajiyewa kamar ƙofofi da allunan tarihi.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za mu ga cewa gyara shi ne ya kamata ya zama zaɓi na farko, rushewa kuma ta zo ne bayan bincike ya tabbatar babu wata hanya. Mun kuma ga cewa sau da yawa sakacin shekaru ne ke yanke hukuncin tun kafin a zauna taron yanke shi. Mu ɗalibai ma muna da namu rabon aikin: mu kai rahoton yoyo da tsagewar bango da wuri, mu daina jona wayoyi barkatai a ɗakunan kwana, ƙungiyoyinmu kuma su riƙa tambayar hukuma nawa aka ware don kula da gine-gine. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muka gada.