A Yanka Wa Auta Ladansa

Kun san su. Kowace unguwa a Garki akwai saurayi ko budurwa mai jinkirin fahimta. Ga ƙarfi, ga son aiki, amma lissafi da karatu suna ba shi wuya. Sau da yawa doguwar naƙuda ce ta jawo, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa tun yana ƙarami. Ba hauka ba ne. Wannan ba sai na daɗe a kai ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne aikin banza da ake sa su. Kada ku bari ɗanku ya yi aiki ba a yanka masa lada ba.

A wani gida, Auta ya dawo bayan magariba, jikinsa duk ƙurar riɗi, da kwanon ɗumame a hannu.

Inna ta ce, "Malam, dubi ɗanka. Tun hantsi yake jidar buhuna a gidan Alhaji. Wannan ne ladan?"

Malam ya ce, "Ai taimakonsa ake yi. Wa zai ɗauke shi aiki?"

"Sauran 'yan dakon ɗumame aka ba su?"

"Su ai kuɗi aka ba su."

"Buhun da ya ɗauka ya fi nasu sauƙi ne?"

Malam ya gyara hula, ya ce maƙwabtaka ai ta wuce haka. Inna ta ajiye muciya ta ce, "To gobe ka je ka jida masa don maƙwabtaka, ni kuma in dafa maka ɗumamen." Auta ya fashe da dariya, har kishiya ta leƙo daga ɗaki.

Inna ce da gaskiya. Maƙwabcin da zai ce "ai bai san kuɗi ba", shi ya san su sarai, shi ya sa yake riƙe su.

Sauran kuwa mai sauƙi ne. Ku duba abin da yaron yake so: kiwo, sharar shago, aiki a injin niƙa, tsintar zoɓo, ko dako a kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Yayansa ya raka shi kwanakin farko. A nuna masa da hannu, abu ɗaya bayan ɗaya, kada a jero masa saƙo biyar. Amma kafin ya taɓa komai, a yanka lada a gaban shaida, daidai da na kowa. In budurwa ce, a haɗa ta da mace amintacciya, ita ma a yanka mata.

Doka tana bayanku. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda ta ce ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A nan Jigawa, a 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara ba wasunsu naira 7,000 a wata. Wancan tallafi ne, bai hana Alhaji biyan dako ba.

Kuɗin kuma a hannun mai shi za a sa. Wan da ya karɓe ya sayi kati da su, shi da Alhaji duk ɗaya ne.

Ku rubuta ranar da yaron ya yi aiki, wurin wa, da nawa aka biya shi.