Idan Alƙali Ya Ji Tsoro, Ina Talaka Zai Kai Kuka?

Darasinmu na wannan wata a kan alƙalai ne, da kuma irin farmakin da masu mulki kan kai musu sa'ad da hukunci bai yi musu daɗi ba. Mai yiwuwa wani ya ce wannan magana ta lauyoyi ce, ba ruwan mai noma ko mai sayar da hatsi. Amma ranar da aka ƙwace wa gwauruwa gonarta, ko aka tsare ɗanta ba da laifi ba, ƙofar kotu za ta nufa. Abin da za ta tarar a can ya dogara ga ko alƙalin yana da 'yancin faɗin gaskiya.

1. Abin da ya faru a Kenya

A ranar 8 ga Agusta 2017 aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Kenya, aka ce Uhuru Kenyatta ya yi nasara. Abokin takararsa Raila Odinga ya kai ƙara. A ranar 1 ga Satumba, Kotun Ƙoli ƙarƙashin Babban Joji David Maraga ta soke zaɓen, alƙalai 4 suka goyi bayan sokewar, 2 suka ƙi. Kotun ta ce hukumar zaɓe ba ta bi doka ba wajen tattarawa da aika sakamako, ta kuma ba da umarni a sake zaɓe cikin kwana 60.

Da fari Shugaba Kenyatta ya ce bai yarda da hukuncin ba amma zai bi shi. Wannan magana ce ta dattako. Sai dai kafin rana ta faɗi ya kira alƙalan 'yan damfara a gaban magoya bayansa, daga baya kuma ya yi alkawarin zai waiwayi sashen shari'a bayan zaɓe. A ranar 24 ga Oktoba aka harbi direban Mataimakiyar Babban Joji, Philomena Mwilu. Washegari, da kotun za ta saurari ƙarar neman ɗage sabon zaɓen, alƙalai 2 kawai suka halarta, zaman bai yiwu ba. Bayan haka aka rage kuɗin sashen shari'a. A 2019 hukumar da ke zaɓen alƙalai ta miƙa sunaye 41, shugaban ƙasa ya ƙi naɗa su har zuwa 2021, inda ya naɗa 34.

Mu lura da wanda ya sha wahalar wannan. Idan alƙalai suka yi kaɗan, ƙararraki sukan taru, mai ƙarar gado ko ta fili ya yi ta zirga-zirga shekara da shekaru, kuɗin mota ya cinye abin da yake nema.

2. A nan gida

Tsarin mulkinmu na 1999 ya shimfiɗa hanyar cire Babban Jojin Nijeriya: sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa sun nemi hakan. Akwai kuma Majalisar Shari'a ta Ƙasa mai ladabtar da alƙalai. An kafa waɗannan shingaye ne domin kada wanda alƙali zai yi wa shari'a gobe ya zama shi ne mai ikon korarsa yau. Duk da haka, a ranar 25 ga Janairu 2019, makonni kaɗan kafin babban zaɓe, Shugaba Muhammadu Buhari ya dakatar da Babban Joji Walter Onnoghen bisa umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, kan zargin rashin bayyana kadarorinsa. Kotun ta same shi da laifi a watan Afrilu, amma a watan Nuwamba 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin. Ko mene ne ra'ayin mutum game da zargin, kowane ƙaramin alƙali a ƙasar nan ya ga abin da aka yi wa shugabansa, ya kuma shafa wa gemunsa ruwa.

3. Suka daban, barazana daban

Ba muna cewa alƙalai tsarkaka ne ba. Akwai masu karɓar hanci, kuma wajibi ne a hukunta su. Kowa yana da damar cewa hukunci bai yi daidai ba, ya kawo hujja, ya ɗaukaka ƙara, ko ya kai ƙorafi gaban hukumar da doka ta kafa. Wannan yana gyara shari'a. Amma mai mulkin da ya zagi alƙali a dandali, ko ya toshe masa kuɗin aiki, ko ya aika masa da 'yan bindiga, yana magana ne da sauran alƙalai, yana gaya musu abin da zai same su in suka saɓa masa.

Inda wannan hanya take ƙarewa, tarihi ya nuna mana. A watan Satumba 1972 sojojin Idi Amin suka ɗauke Babban Jojin Uganda, Benedicto Kiwanuka, ɗan Katolika, daga harabar Babbar Kotu a Kampala, aka kashe shi. A ranar 30 ga Yuni 1982 aka sace alƙalan Babbar Kotu 3 a Ghana aka kashe su, har yanzu lauyoyin ƙasar suna tunawa da su kowace shekara.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan cuta. A 1 Sarakuna 21, Yezebel ta umarci dattawan gari su shirya shari'ar ƙarya, suka yi biyayya, Nabot ya rasa gonar inabinsa da ransa. Bilatus kuwa ya shaida da bakinsa cewa bai sami Ubangijinmu da laifi ba, amma da aka tsoratar da shi da sunan Kaisar, ya ba da shi a gicciye. Ubangijinmu da kansa ya ɗanɗani hukuncin alƙali matsoraci.

4. Namu aikin

Jarrabawar takan zo ne ranar da kotu ta kayar da ɗan takararmu. A ranar nan kada mu tafa wa mai zagin alƙali domin jam'iyyarmu ɗaya ko ƙabilarmu ɗaya, gama sandar da ya ɗaga za ta kasance a hannun wani gobe. Kada mu kai wa alƙali ko magatakarda toshiya. In an kira mu shaida, mu faɗi abin da muka gani, ba ƙari ba ragi.

Tambayoyi domin tattaunawa a zumuntai:
(a) Wane bambanci ke tsakanin sukar hukunci da tsoratar da alƙali?
(b) Me za mu ce wa ɗan siyasar da muke goyon baya idan ya ƙi bin umarnin kotu?

Allah Mai Adalci ya ba alƙalanmu ƙarfin hali, ya ba shugabanninmu tawali'un rusuna wa doka. Amin.