Amfanin Zane da Hoto Wajen Tsaron Daji: Darasi Don Hakimai da Malamansu

Wanda ya tashi daga birnin Kano ya bi hanyar Zariya, in ya kai Kwanar Dangora cikin ƙasar Kiru ya karya hagu, to ya kama hanyar da ke ratsa Tudun Wada da Doguwa ta nufi Jos. Tun kafin ya yi nisa zai ga ƙasa ta sake kama. Gawo da kuka suna raguwa, doka da maje da kaɗanya suna ƙaruwa, duwatsu kuma suna tasowa ta kudu, har a kai Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. A tsakiyar wannan ƙasa ne Dajin Falgore yake, kimanin kilomita 150 daga Kano, faɗinsa kuwa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. An keɓe shi tun cikin shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, sa'an nan cikin shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Kogin Kano ya ratsa shi, ya gangara ya zuba cikin tafkin Tiga a ƙasar Bebeji.

Dattawan wannan yanki suna ba da labarin ɓauna da gwanki da gadu da garken bika da suka sani a dajin nan. In aka tambaye su ina iyakar kurmin take a lokacin, wannan ya nuna wancan dutse, wancan ya nuna wani rafi dabam. Ba ƙarya suke yi ba, tunanin mutum ne ba ya riƙe iyaka. Abin da ke riƙe ta shi ne takarda, watau zane ko hoto mai kwanan wata. Ga Hakimin da ake kawo wa ƙarar cin burtali, ko ta shigar gona cikin gandu, ko ta masu sare itace don gawayi, wannan takarda ta fi shaidu goma. Gani ya kori ji.

Abin da mutanen da suka bari

Ba sabon aiki ba ne. A cikin duwatsun Azbin, arewa da Agadas, akwai wani wuri da ake kira Dabous, inda mutanen da suka sassaƙa siffar raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya fi mita 5 tsawo. Shekarunsu dubbai ne. Yau babu raƙumin dawa a can, sai rairayi da duwatsu, amma zanen ya tsaya yana shaida cewa wannan hamada ta taɓa zama daji mai ciyawa da ruwa. A 1988 Gwamnatin Nijar ta keɓe Azbin da hamadar Tenere, ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 77,000 da ɗoriya, ta zama gandu, a 1991 kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya.

A cikin Tenere ɗin nan ne aka yi wata itaciya mai ƙaya, ita kaɗai tilo, wadda ayarin Azbinawa masu ɗauko gishirin Bilma suke gane hanya da ita. Da aka haƙa rijiya kusa da ita aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi. Aka kwashi gangarta aka kai gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Duk wanda ke son sanin yadda take tana da rai, sai dai ya nemi hotunan da matafiya suka ɗauka.

A nan gida kuwa, Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso Kano a 1851 bayan ya ratso Azbin. Ya hau Dala ya zana birnin, ya kuma yi taswirar ganuwa da ƙofofi da kududdufai. Har yau masu binciken tarihin Kano suna komawa ga wannan zane. Haka kuma tsofaffin rahotannin kimanta haraji na gundumomi, waɗanda ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, wasu suna ɗauke da taswirar hannu mai nuna ƙauyuka da rafuka da hanyoyi. Masu yin su ba gwanayen zane ba ne. Kulawa kawai suka yi, suka kuma rubuta kwanan wata.

Kayan aiki da wurin koyo

Malamin Hakimi ba ya bukatar kaya masu tsada. Littafi mai bangon kwali wanda ba shi da layi, da fensir biyu, da abin gogewa, da reza ta feƙewa, da igiya mai ƙulli a kowace mita, sun isa. A yi zane da fensir, don tawada tana malalewa in ruwa ya taɓa ta. Wajen hoto kuwa, wayar hannu mai kyamara ta wadatar.

Kyakkyawan wurin koyo shi ne cikin birni, inda babu tsoro kuma abin zanawa ba ya gudu. Gidan Zu na Kano, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, ya dace da mafari, gama akwai manyan itatuwa da inuwar zama, dabbobi kuma suna kusa, ana iya duban ƙafarsu da ƙahonsu a natse. Daga nan sai a hau Dala ko Goron Dutse a gwada zana abin da ke nesa. Wanda ya iya raba gari kashi uku a takarda, na kusa da na tsakiya da na can ƙurya, ba zai rikice ba ran da ya tsaya a bakin Tiga.

Akwai malaman da ba su son zana mai rai saboda abin da suka karanta. Ba a tilasta wa kowa. Yawancin abin da ofishin Hakimi ke bukata itace ne da dutse da rafi da iyaka, waɗannan kuwa babu saɓani a kansu. In ana son shaidar cewa wata dabba tana nan, zanen sawunta a bakin mashaya, tare da awonsa, ya fi siffarta amfani ga malamin daji.

Yadda ake awo da ido

An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Mai zane yana taimakon idonsa da fensir. Ya miƙe hannu sosai, ya runtse ido ɗaya, ya daidaita tsinin fensir da ƙolin itace, ya zame babban yatsa har ya yi daidai da gindinsa. Wannan tsawo ya zama ma'auninsa. Da shi zai gane cewa dutsen da ke bayan itacen ya ninka shi uku, ko faɗin rafi rabinsa ne. Sharaɗi ɗaya ne, kada gwiwar hannu ta tanƙware, don in ta tanƙware awo ya ɓaci.

In ana son tsawon itace na gaskiya, sai a tsai da mutum a gindinsa, a auna mutumin da fensir daga nesa, a ƙirga sau nawa ya shiga cikin itacen. Kauri kuwa da igiya ake auna shi, daidai ƙirjin mutum, a rubuta a gefen zanen tare da sunan itacen da Hausa, ko ɗorawa ce, ko marke, ko taura, ko maɗaci. In Fulanin wurin suna da nasu suna, a rubuta shi ma. Wannan tsai da mutum ko sanda ya zama dole a hoto kuma, gama kyamara ba ta faɗin girman abu. Zaizayar da ta kai tsayin raƙumi da wadda ba ta wuce gwiwa ba duk ɗaya suke a hoto in babu abin gwadawa.

Za a ce, tun da ga kyamara, me ya sa a wahala da fensir? Dalili shi ne kyamara tana kwashe komai ba zaɓe, har abin da ake nema ya ɓace cikin ganye. Mai zane kuwa yana barin abin da bai dame shi ba, ya fito da layin burtali ko dutsen iyaka sarai. Har wa yau, wanda ya zauna rabin sa'a yana zana wuri ya san shi, sanin da mai latsa waya ya wuce ba ya samu. Biyun tare ake so, shafi ɗaya zane, shafi ɗaya hoto.

Lokaci da haske

Daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar, su ne lokutan hoto. A sa rana a baya ko a gefe. Da tsakar rana inuwa tana taƙurewa ƙarƙashin abu, dutse da kwari su zama shimfiɗe ɗaya. Da hunturu kuwa hazo yana haɗiye duwatsun Riruwai ɗungum, saboda haka hoton nesa a yi shi da kaka, sa'ad da ruwa ya wanke sama. Amma a lokacin ciyawa ta rufe ƙasa, don haka hoton kututture da sabuwar sheƙa da sawun mota sai da rani, bayan ciyawa ta kwanta.

Hoto daga tsaye ɗaya

Wannan shi ne zuciyar darasin. Hoto guda labari ne, amma hotuna biyar na wuri ɗaya, waɗanda aka ɗauka daga tsaye ɗaya a wata ɗaya cikin shekaru biyar, hujja ce. Kowane Hakimi ya zaɓi wurare kaɗan a ƙasarsa, huɗu ko biyar sun isa, inda akwai abin da ba ya motsi, kamar fā ko gada ko tsohuwar kuka. A sa alama da fenti inda mai ɗauka zai tsaya, a rubuta wace nahiya ya fuskanta. Kowace shekara a koma.

A ƙasar Bebeji bakin Tiga ya kamata ya zama na fari. An gama wannan madatsar ruwa a 1974, tsawon bangonta wajen kilomita 6, tana iya riƙe ruwa kusan mita biliyan 2 na awon cikin tafki, kuma da ita ake noman rani a Kadawa da Kura. Garuruwa da gonakin da ruwan ya shafe, aka ta da mutanensu, yau sai a bakin tsofaffi. Tafkin yana cika a ƙarshen damina, yana ja da baya da bazara, saboda haka a ɗauke shi sau biyu a shekara. Duk ƙasar da ruwa ya kwaso daga inda aka sare daji a Falgore, a nan take kwantawa, ta rage wa tafkin ciki. Wannan ya sa hoton da malamin Doguwa ya ɗauka ya shafi manomin Kura, ko da ba su san juna ba. A ƙasar Kiru kuwa, gefen dajin Dansoshiya da burtalan da ke shiga cikinsa sun cancanci irin wannan kulawa. A Tudun Wada da Doguwa, a bi gefen gandu inda gonaki suka yi iyaka da shi.

Ladabi da tsaro

Falgore gandu ne na hukuma, ba a shiga sai da izini da rakiyar ma'aikatan daji. An sha fama da ɓarayin shanu a cikinsa a shekarun baya, don haka kada malami ya shiga shi kaɗai, kada kuma ya tafi Dagacin wurin bai sani ba. Ba a ɗaukar hoton sansanin soja ko shingen 'yan sanda. In aka je ruga, a fara da Arɗo, a gaisa, a faɗi abin da ya kawo mutum. Ba a ɗaukar mata ko cikin gida sai da yardar mai gida da tasu. Hoton da aka ɗauka don shari'ar gona kuwa, a kira masu ƙarar duka biyu su tsaya a ɗauka a gabansu.

Ajiya

Hoton da ke cikin waya kaɗai ba ajiyayye ba ne, gama waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, malami kuma ana yi masa canjin wurin aiki ya tafi da ita. A wanke hotunan da suka fi muhimmanci, a rubuta a bayansu da fensir sunan wurin, da kwanan wata, da nahiyar da aka fuskanta, da sunan mai ɗauka. A manna su cikin littafin gunduma kusa da zanensu, a sa littafin cikin akwatin ƙarfe, a ɗora shi bisa duwatsu ko benci saboda gara da laima. Kofi ɗaya ya tafi fadar Sarki tare da rahoton shekara, ɗaya kuma ofishin daji na ƙaramar hukuma. Ran da malami zai bar aiki, a ƙirga shafukan littafin a gaban Hakimi, wanda ya gaje shi ya sa hannu ya karɓa.