Ekstenshan Mai Zafi da Hitar Ruwan Wanka

Tambaya: Wata uwargida daga Kazaure ta rubuto cewa soket ɗaya ne a bangon ɗakinta, don haka ta jona masa ekstenshan mai baki biyar. Nan ake cajin wayoyi, nan talabijin da firji suke, da sanyi ya shigo kuma ta ƙara hitar dafa ruwan wanka. Yanzu igiyar tana zafi, baki ɗaya ya yi baƙi, ɗakin yana warin roba. Tana son sanin ko naɗe wurin da salatif zai wadatar.

Amsa: Salatif ba zai yi maganin wannan ba. Ekstenshan da ya fara baƙi da wari ya riga ya lalace, cire shi ya kamata a yi tun yau.

Wutar da kamfanin KEDCO ke rabawa a Jigawa da Kano da Katsina tana shiga gidaje da ƙarfin bolt 230. Filogi mai ƙafa uku an yi shi ne don amfiya 13, wato kimanin wat 3,000. Yawan bakunan ekstenshan ba ya ƙara komai a kan wannan, domin duk wutar ta igiya ɗaya take bi. Cajar waya ɗan abu kaɗan take ja. Hita kuwa, ko dutsen guga, kowanne yakan ja wat 1,000 zuwa 2,000, biyu tare sun isa su kai igiyar maƙura. Ekstenshan mai araha ma ba ya kaiwa nan: wayar cikinsa siririya ce, sau da yawa ba fis, sai ta yi ta zafi har robar ta narke.

Haɗarin ya fi tsanani idan an ɗauke wuta. Akan manta da hita a jone cikin bokitin roba, a kwanta ko a fita unguwa. Wuta na dawowa ruwan ya ƙafe, bokitin ya kama. Da hunturu komai a bushe yake, kuma a ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura, inda zana da kara da harawa ke jingine da ɗakuna bayan kaka, gobara kan ci gida kafin taimako ya iso. Wannan asara ce mai ciwo, ganin cewa zare filogi kawai zai hana ta.

Hita da dutsen guga da firji soket na bango suke buƙata, sai a kira mai gyaran wuta ya ƙara wani. Ba a jona ekstenshan cikin ekstenshan, ba a bi da igiya ƙarƙashin leda ko katifa, ba a kuma cusa tsirarar waya a soket a tokare da tsinken ashana.

Idan wuta ta kama, ba a watsa ruwa matuƙar lantarki na jone. A fitar da yara, a kashe babban makunni na wajen mita, a zuba yashi idan wutar ƙarama ce, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112.