Yadda Za Ka Jawo Kanun Labarai Zuwa Wayarka Da Python Ba Tare Da Ƙona Data Ba

Idan ka buɗe shafin labarai, hotuna da tallace-tallace ne ke cinye maka data, ba labarin kansa ba. To amma shafuka da yawa suna da abin da ake kira RSS, wato ɗan fayil na rubutu zalla mai ɗauke da kanun labarai, adireshinsu da lokacin da aka wallafa su. A darasinmu na yau za mu jawo shi da feedparser, wata ƙaramar manhajar Python.

1. Sauke Termux daga F-Droid.

2. Buɗe shi ka rubuta:

pkg install python nano
pip install feedparser

3. Rubuta nano labarai.py, sannan ka zuba wannan a ciki:

import feedparser
f = feedparser.parse("https://feeds.bbci.co.uk/hausa/rss.xml")
for labari in f.entries[:5]:
    print(labari.title)
    print(labari.link)

4. Adana shi, sai ka rubuta python labarai.py.

Nan take kanun labarai 5 na BBC Hausa za su fito. Kana son 10? Canza lambar kawai.

A kula: tazarar da ke gaban print dole ce, in babu ita Python zai ƙi aiki. Idan kuma babu abin da ya fito, ƙara print(f.bozo) a ƙarshe. In ka ga True ko 1, to ko dai adireshin ba daidai ba ne, ko intanet ta yanke, ko fayil ɗin na da matsala.

Kada ka riƙa jawo fayil ɗin kowane minti, wasu shafukan suna toshe mai yawan damun su.