Canza ƙwan sigina na gaba: bi ta wajen taya

Idan sigina ta fara ƙiftawa da sauri fiye da yadda aka saba, galibi ƙwai ɗaya ne ya ƙone. A motocin zamani an cushe batir, tukunyar iska da wayoyi a bayan fitilar gaba, har hannu ba ya samun wurin shiga ta bonet. Tura hannu da ƙarfi a nan shi ke karya robar da ke riƙe ƙwan, gyaran ɗan kuɗi ya koma babba. A motoci da yawa hanya mafi sauƙi ita ce a murɗa sitiyari har ƙarshe, a cire maɓallan robar da ke saman taya, a kamo mariƙin ƙwan daga baya, a murɗa shi hagu.

Wani zai ce ai sai a kai wa mai gyaran wayar mota. Daidai ne idan sai an sauke bamba, ko fitilar LED ce da ba a buɗewa. Amma ko shi a tabbatar ya sa ƙwan da ya dace: yawanci PY21W ne, mai wat 21, ruwan lemo. Ƙusoshinsa biyu ba sa fuskantar juna, don haka farin P21W ba zai zauna ba sai da dole.