Wasiƙar Kawu Zuwa Berlin

Ɗana,

Kowa lafiya a gida, mahaifiyarka na gaishe ka. Ita ce ta gaya mini cewa da ka dawo daga jami'a sai ka shige ɗaki ka turo ƙofa, kana waya da abokanka na unguwa har dare ya raba. Ita daɗi ta ji, tana ganin hakan zai tsare ka. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Waya na kai maka muryarmu, amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, wanda ke ɗakin kusa da naka ne zai sayo maka magani, shi ma in ya san ka.

Na san abin da ke mayar da kai ɗaki. A nan gaisuwa ce daga zaure har bakin titi, a can kuwa sai ka shiga jirgin ƙasa cike da mutane babu mai ce maka sannu. Akwai masu ƙin baƙi, ban musa ba, in ka gamu da su ka kauce. Amma yawancin shirun da kake gani ba ƙiyayya ba ce. Bajamushe ba ya saurin kiran mutum aboki, kuma ƙofar zumuncinsa agogo ce. In ya ce ka zo shan shayi ranar Asabar ta sama da ƙarfe huɗu, to girmama ka ya yi, ya ware maka lokacin. Ka je ƙarfe huɗun, da 'yar tsaraba a hannu. Kada ka faɗa masa gida babu sanarwa. In kun ci abinci a waje kowa ya biya nasa, kada ka kira shi marowaci, al'adarsu ce.

Gidan hayar da kuke zaune ku da yawa, nan ne za a fara auna ka. Jadawalin shara da wanke-wanken da aka manna a jikin firiji, ka riƙe shi da muhimmanci. Bayan ƙarfe 10 na dare ba a son hayaniya, don haka ka sassauta murya in kana waya. Ka koyi raba shara, takarda daban, kwalba daban, sauran abinci daban. Ƙananan abubuwa ne a idonka, amma da su maƙwabci zai yanke hukunci a kanka, mu ma da muka haife ka da su za a san mu.

Maganar addini kuwa, ka faɗe ta tun farko cikin fara'a: ba na shan giya, ba na cin naman alade, zan tashi in yi salla. Mai mutunci ba zai matsa maka ba, wanda ya matsa kuwa ya rage maka wahalar gane shi. Ƙin giya ba ya nufin ƙin zama da mutane a kowane taro, ka duba wurin da ya dace ka zauna da lemonka a yi hira. Ranar Juma'a ka je masallacin Shehitlik na Turkawa, kada kuma ka zura takalmi da an sallame. Ka tsaya ku gaisa. Daga nan filin Tempelhof ne, tsohon filin jirgin saman da aka rufe a 2008 aka mayar da shi wurin shan iska. Ranar Lahadi da shaguna ke rufe, can jama'a suke. Kai da ba ka barin ƙwallo ta huta a gida, ka nemi ƙungiyar wasa ta unguwarku ka yi rajista. Jamusancin da aji bai sa a bakinka ba, fili zai sa.

'Yan'uwanmu na gida da ke can, ka riƙe su, ranar Sallah su ne danginka. Sai dai in su kaɗai ka sani, za ka gama karatu ka dawo ba ka ga Jamus ba. Ka tuna Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Bature mai yawon bincike Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Babu waya, babu wani Bahaushe a maƙwabta, amma ya buɗe ido ya kalli mutane, ya ba da labarinsu da Hausa aka rubuta a littafin Magana Hausa, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Kano.

Disamba ce ke ba ni tsoro. Rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ga sanyi, ga duhu, lokacin ne kaɗaici ke kama zuciya. Kada ka jira shi. Tun yanzu ka je Sonnenallee ka sayo naman halal a wurin Larabawa, ka dafa shinkafa da miya, ka gayyaci abokan zamanka, amma ka sanar da su tun saura mako. Ka rage barkono. Mahaifiyarka za ta aiko maka da kuka da yaji. Kilishi dai ka haƙura, doka ta hana shiga da nama. In kun ci, ka kira ni ka gaya mini sunayensu da garuruwansu.

Allah Ya yi maka albarka.

Kawunka